Idan Ƙibar da Aka Kora Ta Dawo Gida

Bayan ƙaramar sallah da 'yan kwanaki Yayata ta kira ni daga Makka. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Auta, na hau sikeli." Sai ta yi shiru. Na san abin da shirun yake nufi, domin da idona na ga wahalar da ta sha shekara biyu da suka wuce, lokacin da likita ya gaya mata suganta ya kai bakin iyaka. Ta ɗaura ɗamara ta shiga abin da a nan Saudiyya ake kira rijim, wato taƙaita abinci don rage ƙiba. Ta bar shinkafa kwata-kwata, ta bar burodin tamis, ta bar shayi mai sukari, abincin darenta ya koma kokwamba da laban, wato nono. Cikin wata biyar ta sauko daga kilo 98 zuwa 83. Ranar da ta kira ni sikeli ya nuna mata 100.

"Duk wahalar nan ta tashi a banza," in ji ta. "Ni dai ba ni da zuciya, abin da na gane ke nan."

Maganarta ta ƙarshe ce ta sa na zauna wannan rubutu. A shekarun da na yi ina aiki a saidaliyya, wato kantin magani, a Jidda na sha jin ta daga bakin mutane, maza da mata, Hausawa da Larabawa. Mutum zai tsaya gaban kanta yana neman shayin rage tumbi, ya sassauta murya kamar mai ba da labarin wani abin kunya, ya ce ya taɓa ragewa amma ya kasa riƙe kansa. Hukuncin da suke yanke wa kansu kuskure ne, kuma kuskuren yana da tsada. Wanda ya ɗauka rashin zuciya ne ya kayar da shi, ko dai ya haƙura ya bar jikin yadda yake, ko ya koma wa wancan rijim ɗin da ya ba shi kashi, ya ƙara masa tsanani, ya sake faɗuwa a ramin da ya faɗa.

Dawowar ƙiba ita ce abin da ya fi faruwa ga masu ragewa a ko'ina cikin duniya. A 2001 wasu masana a Amurka sun haɗa sakamakon bincike 29 da aka bi mutane na tsawon shekaru bayan sun rage nauyi. Abin da ya fito shi ne, cikin shekara biyu fiye da rabin kilon da aka zubar ya dawo, zuwa shekara biyar kuwa kusan kashi 80 cikin 100 ya dawo. Idan abu ɗaya yana samun mafi yawan mutane, masu ilimi da marasa ilimi, masu hali da talakawa, to ba a halin mutum ɗaya ya kamata a nemi dalilinsa ba. A jiki ya kamata a nema.

Jikin ɗan Adam bai san rijim ba. Abin da ya sani shi ne fari da yunwa. Kitsen da muke gani a matsayin kaya, shi rumbu yake ɗaukarsa, kuma yana da masu gadin rumbun. A 1994 Jeffrey Friedman da abokan aikinsa suka gano wani sinadari mai suna leftin, wanda kitse da kansa yake fitarwa ya aika wa ƙwaƙwalwa saƙon cewa akwai ajiya. Idan kitse ya ragu leftin ya ragu, ƙwaƙwalwa sai ta karanta cewa rumbu yana ƙarewa. A 1999 kuma masana a Japan suka gano girelin, wanda ciki yake fitarwa, shi ne mai ƙwanƙwasa ƙofa ya ce lokacin ci ya yi. Da za a ce waɗannan sinadarai suna tayar da hankali na mako biyu ne su kwanta, da abin ya zo da sauƙi. Amma a Melbon ta Ostareliya an ɗauki mutum 50 masu ƙiba aka sa su a kan abinci kaɗan ƙwarai na mako 10, suka zubar da kimanin kilo 13 da rabi kowannensu, sannan aka ci gaba da auna jininsu. Sakamakon da aka buga a 2011 ya nuna cewa bayan shekara guda cur girelin bai sauko inda yake da farko ba, leftin bai koma ba, kuma mutanen suna jin yunwa fiye da yadda suke ji kafin su fara. Shekara guda, ga shi har sun riga sun mayar da wani ɓangare na nauyin.

Ta ɗaya gefen kuma jiki yana rage abin da yake ƙonawa. Wani ɓangare na wannan lissafi ne kawai, ƙaramin jiki ba ya cin mai kamar babba, yadda ƙaramar mota ba ta shan abin da babbar mota take sha. Amma akwai ƙarin tsumulmula da jiki yake yi a kan wannan. Kevin Hall da tawagarsa a cibiyar binciken lafiya ta Amurka sun bi mutum 14 da suka shiga wata gasar rage ƙiba ta talabijin. A lokacin gasar kowannensu ya zubar da kimanin kilo 58. Bayan shekara shida kimanin kilo 41 ya dawo, kuma jikinsu a zaune yana ƙona kusan kalori 500 ƙasa da abin da ake tsammani ga mai irin nauyinsu. Waɗannan mutane an matsa musu matsin da ya wuce hankali, don haka bai kamata wanda ya rage kilo goma ya ɗauka nasa jikin ya lalace haka ba. A wurin yawancin mutane wannan ragin bai kai haka ba.

Abin da ya fi ƙarfi shi ne yunwar. Wani ƙiyasi da Hall ɗin yake cikin waɗanda suka yi, aka buga a 2016, ya nuna cewa duk kilo ɗaya da mutum ya zubar, jiki yana rage ƙonawa da kalori 20 zuwa 30 a rana, amma sha'awar ci tana ƙaruwa da kimanin kalori 100 a rana. Wanda ya zubar da kilo biyar ke nan jikinsa yana roƙon ƙarin kusan kalori 500 kullum, wato faranti guda na shinkafa da mai. Kuma roƙon ba ya zuwa da sallama. Ba ya cewa ga ni, yunwa ce. Yana zuwa ne a matsayin loma biyu da aka ƙara ba a lura ba, ɗanɗanen miya sau uku maimakon sau ɗaya, ragowar abincin yara da aka ce kada a zubar, dabino bakwai a wurin da aka saba cin uku. Da na tambayi Yaya ko ta san lokacin da ta koma cin abinci kamar da, sai ta rantse mini ba ta koma ba. Na yarda da ita. Ba ta yanke shawarar komawa ba, jikin ne ya riƙa jan ta taku ɗaya-ɗaya.

Yanzu a ɗora wannan jiki a kan irin zaman da muke yi a Hijaz, yankin su Makka da Jidda. Kakannin da yawa daga cikinmu da ƙafa suka zo ƙasar nan, daga Kano da Sakkwato da Damagaram, ta Barno da Wadai da Darfur har Sawakin, wasu sai da suka yi shekaru a hanya suna noma suna ci gaba. Jikokinsu kuwa shagon bakin layi ma da mota muke zuwa, kuma ba lalaci ba ne zalla. Wanda ya san ranar Makka a watan Yuli, lokacin da zafi yake wuce digiri 40 tun kafin azahar, ya san dalilin da ya sa hukuma ta hana aiki a cikin rana daga ƙarfe 12 zuwa 3, daga tsakiyar Yuni zuwa tsakiyar Satumba. Rana ta kore mu cikin mukayyaf, wato na'urar sanyaya ɗaki, rayuwa ta koma dare. Ziyara bayan isha'i, cin abinci ƙarfe sha ɗaya, kwanciya ƙarfe biyu, ga asuba tana jira. Abincin da ya fi arha kuma ya fi kusa shi ne burost da shawarma da mutabbaƙ da lemon kwalba. A gida kuma tire ɗaya ake sa wa a tsakiya, kabsa ko bukhari, kowa ya sa hannu, babu mai iya cewa ga iyakar abin da ya ci. Mu kuma mun haɗa gado biyu: ga shinkafar Larabawa da rana, ga tuwo da masa da fura da dare, ga siriya, tsiren da iyayenmu suka kawo har ya zama abincin Hijaz.

Hukuma ta ga matsalar. A 2017 aka sa harajin kashi 50 cikin 100 a kan lemon kwalba mai gas, a ƙarshen 2019 aka faɗaɗa shi zuwa sauran abin sha mai sukari, kuma tun farkon 2019 aka wajabta wa gidajen abinci rubuta adadin kalori a gefen kowane abinci. Matakai ne masu amfani. Sai dai babu dokar da take shiga azuma, wato walimar da ba a rasa ta kowane mako, ta suna ko ta aure ko ta wanda ya dawo daga gida. Babu kuma dokar da take hana bakin mutane. Lokacin da Yaya ta kai kilo 83, abin da ta riƙa ji a Shara Mansur da ke Makka shi ne, "Hajiya, lafiya kuwa? Kin rame." Wata gwaggonmu har ta ja ta gefe ta tambaye ta ko maigidan ne yake ba ta wahala. A wurinmu har yanzu ƙiba shaidar hutu ce, rama kuwa sai an ba da dalilinta. Mace tana yaƙi da yunwar jikinta, tana kuma ba dangi haƙuri a kan nasarar da ta samu. Wannan ya fi komai ɓata mini rai a cikin lamarin.

Sai azumi. Mutane da yawa suna jiran Ramadan a matsayin lokacin da za su rage, kuma binciken da aka tattara daga ƙasashe daban-daban ya nuna akan rage kilo ɗaya ko ɗan abin da ya fi haka a watan, amma yakan dawo cikin makonnin da suke biyo bayan sallah. A gidajen da sambusa da luƙaimat da Vimto suke cika sufura, wato shimfiɗar cin abinci, kowane dare, wasu ma da ƙari suke fitowa.

To shin wahalar farko ta tashi a banza ke nan, kamar yadda Yaya ta ce? A'a, kuma akwai hujja. A Amurka an yi wani babban gwaji a kan mutum sama da 3,000 waɗanda sugansu yake bakin iyaka, irin halin da take ciki. An nemi wani rukuni su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, su riƙa tafiyar minti 150 a mako. Sakamakon 2002 ya nuna kamuwa da ciwon suga ta ragu a cikinsu da kashi 58 cikin 100. Abin da ya fi jan hankalina shi ne abin da ya biyo baya. Da aka ci gaba da bin su har shekara goma, yawancin nauyin da suka zubar ya dawo, amma duk da haka kamuwarsu da ciwon ta kasance ƙasa da ta waɗanda ba su yi komai ba da kashi 34 cikin 100. Watannin da jiki ya yi cikin sauƙin nauyi an rubuta masa su. Gwiwoyi sun huta, hanta ta sauke kitse, jijiyoyin jini sun samu sarari. Bayan haka kuma mutum ya fito da ilimin da ba a sayarwa: ya san abin da jikinsa yake iya jurewa, ya san inda ya karye.

Wannan ilimin shi ne jarin zagaye na biyu, kuma shi ne abin da mutane suka fi watsarwa. Sai ka ga mutum ya ce ranar Lahadi zan koma rijim ɗina, yana nufin wanda ya yi a baya, tunda ai ya yi masa aiki. Ni kuwa ina ganin bai yi aiki ba. Tsarin da ya sauke mutum kilo 15 ya kasa riƙe shi a can, rabin aiki ya yi. Kokwamba da laban abincin dare ne da za a iya jurewa wata biyar, ba shekara ashirin ba, kuma ranar da aka bar shi babu wani abu da aka tanada a madadinsa sai tsohon tire. Tambayar da ya kamata a auna kowane sabon tsari da ita guda ce: zan iya cin wannan a ranar suna, a watan azumi, a lokacin mausim na alhazai da aiki yake hana barci, a ranar da raina yake ɓace?

Abin da na fara gaya wa Yaya ya ba ta mamaki. Na ce kada ta rage komai tukuna, ta tsayar da hawan kawai. Mako uku ko huɗu tana cin abinci har ta ƙoshi, a kan lokaci, tana hawa sikeli, burinta kawai 100 ɗin nan kada ta zama 101. Mutumin da yake ƙara kilo ɗaya duk wata, idan ya tsaya cak ya riga ya ci nasara babba, ko da sikeli bai nuna masa sabon abu ba. A cikin waɗannan makonni ne ake yin binciken da ya kamata.

Na farko a wurin likita. A auna suga na tarakumi, wanda yake nuna yanayin wata uku, a auna hawan jini da kitsen jini, a duba gudda ta maƙogwaro, wato tayirod, idan akwai kasala da jin sanyi da zubar gashi. A kuma kai duk magungunan da ake sha a nuna, domin akwai masu sa ƙiba da kansu: insulin, wasu ƙwayoyin suga irin su gilikilazayid, kotizon da danginsa, wasu magungunan damuwa da na farfaɗiya, da allurar tazarar haihuwa ta wata uku a wurin wasu mata. Ba a daina su da ka, amma likita yakan iya sauya wani da wani. Mai shan insulin ko waɗancan ƙwayoyin suga kuwa, haɗari ne ya rage abinci ba tare da an gyara masa awon maganin ba, domin suga yana iya faɗuwa ƙasa warwas. Na san ba kowa ne yake da ta'amin, wato inshorar lafiya, ba, kuma kuɗin mustausaf, wato ƙaramin asibiti, yana yi wa wasunmu nauyi. Duk da haka waɗannan gwaje-gwaje sun fi arha a kan shayin rage tumbin da ake saye wata bayan wata, wanda yawancinsa ganyen sanamaki ne mai sa gudawa. Ruwa yake fitarwa, kitse yana nan inda yake.

Na biyu a wurin kai. A zauna a tuna watan da abin ya fara juyawa. Kusan kullum akwai shi. Da muka bi na Yaya sai muka tarar lokacin da surukarta ta kwanta ciwo ne, ta koma kwana a asibiti, barci ya watse, abinci ya koma abin da aka sayo a hanya. Wani direba da na sani, nasa ya fara ne da aka mayar da shi aikin dare tsakanin Jidda da Makka, shayi mai sukari da kek suka zama abokan hira. Wata kuma haihuwa ce da kunun jego. Wanda ya gano ramin da ya faɗa ya san inda zai sa katako. Barci musamman ba ƙaramin abu ba ne. A Shikago an gwada mutane a kan abinci iri ɗaya, mako biyu suna samun awa 8 da rabi a gado, mako biyu kuma awa 5 da rabi. A lokacin ƙarancin barci kitsen da suka zubar ya ragu da fiye da rabi, abin da suka rasa ya fi yawa daga tsoka. Mai kwanciya ƙarfe biyu ya tashi asuba ya wuce aiki, da ya gyara wannan kaɗai da ya rage wa kansa rabin yaƙin.

Bayan an tsaya da ƙafa biyu sai a fara sauka, kuma a sa buri ƙarami. Kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyin jiki ya isa ya taɓa suga da hawan jini da ciwon gwiwa. Ga mai kilo 100, kilo 5 zuwa 10 ke nan, a cikin wata shida, ƙasa da rabin kilo a mako. Na san wannan ba ya burge wanda ya taɓa ganin kilo uku sun tafi a mako ɗaya. Amma waɗancan kilo ukun yawancinsu ruwa ne. Jiki yana ajiye sukari a hanta da tsoka, kowane giram ɗaya da ruwa kimanin giram uku, idan aka yanke shinkafa da burodi ajiyar ta ƙare ruwan ya fita. Shi ya sa kuma bayan azuma ɗaya sikeli yake tsalle da kilo biyu, mutum ya karaya ya ce komai ya rushe, alhali ruwa ne da gishiri, kwana uku sun wuce.

Inda za a rage kuwa, a fara da abin da ba ya ƙosarwa. Gwangwanin lemo ɗaya yana ɗauke da sukari kimanin giram 35, kusan ƙaramin cokali tara, kuma ciki ba ya lissafa shi a matsayin abinci. Haka shayin da ake sha kofi biyar a rana kowanne da cokali uku. Sai mai: babban cokali ɗaya kalori 120 ne, kuma mai dafa kabsa da ido take zubawa. A auna shi da cokali. Shinkafar kanta ba sai an sake ta ba. A ɗebi rabo a ƙaramin faranti kafin a zauna gaban tire, a cika gefe da salatin da nama ko kifi, idan ya ƙare an gama. Abincin da yake riƙe ciki muna da shi a araha: waken ful ba tare da an malale shi da man samna ba, waken adas, ƙwai, kaza, kifin Jidda, laban, wake, miyar kuka da kuɓewa da zogale. Waɗannan ne suke kwantar da yunwar da muka yi bayani, kuma su ne suke kare tsoka. Kare tsoka yana da muhimmanci ƙwarai ga mai zagaye na biyu, domin duk ragewa tana tafiya da ɗan tsoka, dawowa kuwa, musamman ga wanda shekaru suka ja, ta fi zuwa da kitse. Saboda haka sau biyu a mako a sa jiki ya ɗauki nauyi, ko a nadi, wato gidan motsa jiki, ko a gida da tashi-zauna daga kujera da galan ɗin ruwa. Ma'aunin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba mu a hadisin da Tirmizi ya ruwaito, kashi ɗaya cikin uku na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi, ya fi kowane rijim da na gani dacewa da zaman tire, domin ana iya aiki da shi a kowace sufura ba tare da an ɓata wa mai gida rai ba.

Tafiya ba ta cika zubar da kilo mai yawa ita kaɗai ba, amma wajen riƙe abin da aka zubar babu kamarta. Akwai wani kundi da Rena Wing da James Hill suka buɗe a Amurka a 1994, na mutanen da suka rage aƙalla kilo 13 da rabi suka riƙe shekara guda ko fiye. Mafi yawansu suna motsa jiki kimanin awa guda a rana, galibi tafiya ce, kuma kashi uku cikin huɗu suna hawa sikeli aƙalla sau ɗaya a mako. Mafi yawansu kuma sun sha gwadawa suna faɗuwa kafin wadda ta tsaya. A nan lokacin tafiya bayan asuba ne ko bayan isha'i, a mamsha, wato hanyar masu tafiyar ƙafa, ta unguwa, a bakin teku ga na Jidda, ko a cikin manyan kasuwanni masu sanyi idan zafi ya yi tsanani. Sikeli kuma a yi sulhu da shi. Yaya ta yi wata goma sha huɗu ba ta hau ba, saboda tsoron abin da za ta gani, kuma a cikin wannan duhun ne kilo biyu suka zama sha bakwai. A sa wa kai iyaka: idan aka haura kilo biyu sama da inda aka tsaya, a wannan makon za a gyara, ba bayan sallah ba.

Ba zan tsallake maganar allurar rage ƙiba ba, domin ita ce tambayar da ta fi yawa a saidaliyya yanzu. Ozempic da Wegovy da Mounjaro suna aiki, kuma suna aiki ne daidai a inda matsalar take, suna kashe wutar yunwa a ƙwaƙwalwa. A babban gwajin samagulutayid, sinadarin da yake cikin biyun farko, mutane sun zubar da kimanin kashi 15 cikin 100 na nauyinsu a mako 68. Amma da aka bi waɗanda suka daina, cikin shekara guda kashi biyu cikin uku na abin da suka zubar ya dawo. Maganin yana riƙe ƙofa ne muddin ana amfani da shi, kamar na hawan jini. Wanda zai tara riyal ɗinsa ya sayi na wata uku don bikin ƙanwarsa, ya sani tun yanzu cewa zagaye na uku yake shirya wa kansa. Ga mai ƙiba sosai ko mai ciwon suga kuwa, a hannun likita, da niyyar doguwar tafiya, babu abin kunya a ciki, kuma ba na goyon bayan masu cewa hanyar ragwaye ce. Haka tiyatar takmim da ta yawaita a ƙasar nan, wadda ake yanke mafi yawan tumbi. Tiyata ta fi sauran hanyoyin nan riƙe nauyi na tsawon shekaru, tana kuma neman bitamin da bibiyar likita har ƙarshen rayuwa, kuma ita ma wasu sukan mayar da wani ɓangare bayan 'yan shekaru, musamman ta hanyar abin sha mai zaƙi da yake wucewa ba tare da ya cika ciki ba.

Abu na ƙarshe da muka yi da Yaya bai shafi abinci kai tsaye ba. Na je Makka na zauna da maigidanta. Na ce, "Yaya Alhaji, tukunya ɗaya ce a gidan nan. Idan ita za ta dafa muku kabsa da mai ta koma gefe da kokwamba, ba za ta kai ko'ina ba." Shi ma yana shan maganin hawan jini, don haka maganar ba ta yi masa nisa ba. Aka yarda lemon kwalba ya daina shigowa da katan, abincin dare ya dawo bayan magariba in ban da ranar baƙi, kuma shi zai riƙa raka ta mamsha bayan asuba kwana huɗu a mako. Ga masu cewa ta rame kuma ta samo amsa da kanta, gajeriya: "Likita ne ya sa ni, Gwaggo, saboda suga." Ba a ja da wannan.

Wata uku ke nan yanzu. Watan farko sikeli bai motsa daga 100 ba, kuma sau biyu ta kira ni tana cewa a bar ta ta koma wa kokwambarta. Makon jiya ya nuna 96. Tana cin shinkafa kullum da rana, a farantinta. An yi suna biyu da aure ɗaya a tsakani, ta je duka ta ci, washegari ta fita tafiyarta. Gwajin tarakumi na gaba a watan Muharram ne, kuma mun riga mun fara maganar yadda sufurar gidan za ta kasance idan Allah ya kai mu azumi.